Daga Lambun Sadaka Zuwa Lambun Gumi: Waiwaye Kan Gidajen Zuhudun Ƙasar Sin

Da yawa daga cikinmu a fina-finan faɗa muka fara ganin 'yan zuhudun addinin Buddha na ƙasar Sin: kai aske ƙwal, mayafi ruwan ɗorawa ko ruwan toka, gida can bisa dutse, da atisaye tun kafin rana ta fito. Abin da fim bai cika nunawa ba shi ne abin da ke bayan ɗakin ibada, wato lambun kayan miya, da tafkin bado, da gonar shayi a gindin tudu, da dutsen niƙa da ruwa ke juyawa. A nan kuwa tarihin waɗannan gidaje ya fi fitowa fili. Addinin da ya shiga Sin da dokar da ta hana masu zuhudunsa ko da tona ƙasa, shi ne bayan ƙarni bakwai zuwa takwas aka tarar da malamansa duƙe da fartanya, suna lissafa noman a cikin ibada. Mu koma baya mu bi sawun yadda aka yi wannan juyi.

Tun a Indiya, mahaifar addinin, zuhudu da inuwar itace tare suka taso. A ruwayar mabiya, a lambun Lumbini aka haifi Buddha, a gindin bishiya ya sami wayewar da yake nema, a dajin barewa kusa da Banaras kuma ya yi wa'azinsa na farko. Masaukan farko na almajiransa duk lambuna ne na kyauta. Sarki Bimbisara ya ba su kurmin gora a Rajagriha. Wani attajiri, Anathapindika, ya saya musu lambun Yarima Jeta a Sravasti, har ana cewa sai da ya shimfiɗe ƙasar wurin da tsabar zinariya kafin yariman ya sallama. Wannan lambu, Jetavana, shi ya zama abin koyi ga duk gidan zuhudun da aka gina daga baya. Sai dai mai zuhudu zama kawai yake yi a cikinsa. Doka ta hana shi haƙa ƙasa ko sare tsiro, don gudun kashe ƙananan halittu, abincinsa kuma na ƙoƙon bara ne. Har a ƙarni na 7 haka abin yake. Yijing, ɗan zuhudun Sin da ya tafi Indiya ta teku a 671, ya ga manoma a wani gidan zuhudu na Tamralipti sun kasa ganyen da suka noma kashi uku, suka miƙa wa mazauna gidan kashi ɗaya, suka tafi da biyu.

A zamanin daular Han, cikin ƙarni na 1, addinin ya bi hanyoyin fatake ya iso Sin. Ruwayar da ta shahara ta ce Sarki Ming ya yi mafarkin wani mutum mai launin zinariya, ya aika manzanni yamma, suka dawo da malamai biyu da littattafai a bayan farin doki, aka gina musu masauki a birnin Luoyang a shekara ta 68. Gidan Farin Doki ke nan, wanda Sinawa ke kira Baima. Amma ƙasar da baƙin suka tarar tana da nata ma'aunin. A wajen almajiran Confucius, mutumin kirki shi ne mai noma, mai biyayya ga iyaye, mai barin zuriya da za ta riƙa tunawa da kakanni. Mutumin da ya aske kansa, ya ƙi aure, ya riƙa yawo da ƙoƙo, ba a daɗe ba aka fara kiransa cima-zaune. Ga kuma sanyin arewacin Sin, wanda ba ya barin kowa kwana a gindin itace da mayafi uku. Tun daga farko, ke nan, tambayar da ke gaban baƙon addini ita ce: da me za a ci, a ina za a zauna, kuma wa zai yi aikin?

Rushewar daular Han a 220 da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya su suka buɗe wa addinin ƙofa. Luoyang ta faɗi a 311, manyan gidaje suka yi hijira kudu, mutane suka shiga neman abin da zai kwantar musu da hankali. A wannan zamani ne Dao'an, wanda ya rayu daga 312 zuwa 385, ya tsara wa 'yan zuhudun Sin ƙa'idojin zama tare. Tarihinsa ya nuna cewa da ya shiga zuhudu yana yaro, malaminsa ya raina shi saboda rashin kyan fuska, ya tura shi gona har shekara uku. Can yake ɗaukar littafi, ya haddace shi a lokacin hutu, ya dawo da yamma ya biya. Labarin ya nuna mana cewa tun a ƙarni na 4 ana tura sababbin shiga gona, ko da manya ba su kama fartanya ba tukuna.

Almajirinsa Huiyuan shi ya ɗauki zuhudu ya kai shi dutse. A wajajen 380 da 'yan kai ya zauna a tsaunin Lu, aka gina masa gidan Donglin tsakanin ƙoramu da itatuwa, ana cewa ya yi shekara talatin bai sauko ba. Sinawa dama suna girmama masanin da ya bar fada ya koma dutse, sai ga ɗan zuhudu ya shiga wannan riga ta yi masa daidai. A 402 Huiyuan ya tara mutum 123, masu zuhudu da masu iyali, suka yi alkawarin neman haihuwa a Tsarkakkiyar Ƙasa ta yamma, wadda littattafansu suka siffanta da tafkuna cike da bado da itatuwa jere-jere. A daidai waɗannan shekaru, can arewa a Chang'an, babban mai fassara Kumarajiva yana zaune a lambun Xiaoyao da sarki ya ba shi, shi da ɗaruruwan almajirai, yana juya irin waɗannan littattafai zuwa harshen Sin. Daga nan tafkin bado a gaban ɗakin ibada ya sami ma'ana: duk wanda ya tsaya a bakinsa, ana nuna masa samfurin inda yake fatan zuwa.

Ƙololuwar lambun sadaka a Luoyang aka gan ta, bayan da daular Wei ta Arewa ta mai da birnin hedikwatarta a wajajen 494. Wani jami'i mai suna Yang Xuanzhi ya bar mana littafi kan gidajen zuhudun birnin, kuma shi ya ƙidaya su: 42 a farkon ƙarni na 4, amma 1,367 a lokacin da abin ya kai gaya. Mafi girma shi ne Yongning, wanda mahaifiyar sarki, Hu, ta gina a 516, mai hasumiyar katako hawa tara da ɗakuna fiye da dubu. Sai dai a bayanin lambuna ne alƙalamin Yang ya fi zaƙi. A gidan Jingming akwai tafkuna uku da bado da kifi da agwagi, ruwansu kuma shi ke juya duwatsun niƙa da na sussuka. A nan ake tara siffofin Buddha fiye da dubu daga sassan birni ranar 7 ga wata na huɗu, washegari a kewaya da su zuwa ƙofar fada, sarki ya watsa musu furanni. A gidan Jinglin, cikin lambun 'ya'yan itatuwa, an gina ɗan ƙaramin ɗakin tunani da aka kwaikwayo daga Jetavana. Shi kuwa Gidan Farin Doki, rummansa da inabinsa suka yi suna. In sun nuna, sarki da kansa yake zuwa ya tsinko, ya raba wa matan fada, su kuma su aika wa danginsu, ƙwaya ɗaya ta zaga gida da gida ba a yarda an fasa ta ba. Mutanen birni har kimanta rumman ɗaya suke yi da kuɗin sa.

Yawancin waɗannan lambuna ba 'yan zuhudu suka dasa su ba. Al'ada ce ta manya su bayar da gidajensu waƙafi don neman lada, zauren gaba ya zama ɗakin ibada, na baya ya zama ɗakin karatu, lambun gidan kuma ya tafi da tuddansa na ado da tafkunansa. Al'adar ta ƙaru bayan ta'asar 528, lokacin da janar Erzhu Rong ya jefa Hu da yaron da ke kan gadon sarauta a Rawayen Kogi, ya karkashe 'yan sarauta da manyan jami'ai fiye da dubu. Gidajen mamatan da yawa suka koma na zuhudu, talakan da a da ba ya iya leƙa ƙofarsu ya sami damar shiga ya ga abin da ke ciki. Masu yin aikin ma ba 'yan zuhudu ba ne. Tun a ƙarni na 5 shugaban masu zuhudu, Tanyao, ya sa aka ware wasu iyalai da za su riƙa biyan ma'auni 60 na hatsi a shekara ga baitulmalin addini, aka kuma ba gidajen ibada bayi da masu laifi don shara da noma. Lambun da ya dogara da fada, ƙaddararsa ɗaya da ta fada. A 534 gobara ta cinye hasumiyar Yongning, wutar ta yi wata uku tana ci, a shekarar kuma aka kwashe mutanen birnin zuwa birnin Ye. Da Yang ya ratsa Luoyang a 547, kango da ciyawa ya tarar, baƙin cikin abin da ya gani ne ya sa shi rubuta littafin.

A kudu kuwa wani sauyi ne ke faruwa, wanda ya shafi tukunya. Sarki Wu na daular Liang, da ya yi mulki daga 502 zuwa 549, ya so addinin har ya riƙa miƙa kansa bawa ga gidan Tongtai, fadawa su tara kuɗi masu ɗimbin yawa su fanso shi. Shi ne ya tara manyan 'yan zuhudu ya matsa musu su bar nama da giya gaba ɗaya. A Indiya mai bara yana iya cin naman da aka zuba masa in ba don shi aka yanka ba, amma a Sin sannu a hankali barin nama ya zama alamar ɗan zuhudu, aka haɗa da barin tafarnuwa da albasa da danginsu. Gidan da ke ciyar da ɗaruruwan mutane ba nama dole ya nemi ganye da wake da kabewa kullum, rani da damina. Fangalin kayan miya ya fara samun matsayin da tafkin ado bai taɓa samu ba. Tausayin dabba ya kuma haifar da wani irin tafki: Zhiyi na tsaunin Tiantai, wanda ya rasu a 597, ya sayi wuraren kamun kifi ya hana su, daga baya a 759 Sarki Suzong ya ba da umarnin kafa tafkuna 81 na sakin kifi da kunkuru a faɗin ƙasa.

Da daular Tang ta kafu a 618, Chang'an ta zama birnin da duniya ke kallo, gidajen zuhudunta kuma suka zama wuraren shaƙatawar jama'a. Gidan Ci'en, wanda yarima mai jiran gado ya gina a 648 don tunawa da mahaifiyarsa, a lokacin yana da ɗakuna 1,897. Nan ɗan zuhudu Xuanzang ya zauna yana fassara littattafan da ya kwaso daga Indiya, nan kuma aka gina hasumiyar da har yau take tsaye a Xi'an, wato Chang'an ta dā, wadda masu cin jarrabawar aikin gwamnati suka riƙa zuwa su rubuta sunayensu a jikinta. Gidan Ximing kuma ana cewa da tsarin Jetavana aka gina shi. Duka biyun sun yi suna da wani fure mai faɗi da Sinawa ke kira mudan, wanda in ya buɗe a ƙarshen bazara birni kan ruɗe da kekunan doki. Ana ba da labarin wani tsohon ɗan zuhudu a Ci'en da ya yi shekaru yana renon wata mudan ja wur a wani ɓoyayyen tsakar gida. Ya yi kuskuren nuna wa wasu baƙi. Ba a jima ba wasu 'ya'yan manya suka gayyace shi yawon shan iska, kafin ya dawo an tone furen da saiwarsa, aka bar masa zinariya da ganyen shayi a madadinsa.

Bayan furannin akwai dukiya mai yawa. Manyan gidajen zuhudu suna da gandaye da ƙauyukan da ke noma musu, da wuraren matsar mai, da duwatsun niƙa da ke tare ruwan ban-ruwa har manoma su kai ƙara. Takardun da aka gano a kogon Dunhuang a 1900 sun nuna yadda suke ba manoma bashin hatsi da shuka, a biya da kaka. Da wannan dukiya suke riƙe gidajen jinyar marasa galihu, da masaukai kyauta a kan hanyar tsaunin Wutai, waɗanda ɗan zuhudun Japan, Ennin, ya kwana a cikinsu a 840. Shayi ma ta wajensu ya bazu. Wani marubucin zamanin ya ce a gidan Lingyan, a farkon ƙarni na 8, malamin ya hana almajirai barci da cin abincin dare lokacin zaman tunani, amma ya yarda su sha shayi, daga nan mutanen gari suka ɗauka. Lu Yu, wanda ya rubuta littafi na farko kan shayi a wajajen 760, maraya ne da aka rena a gidan zuhudu. Amma dukiyar da ba ta biyan haraji ba ta rasa masu harara. A 819 wani jami'i, Han Yu, ya rubuta wa sarki takarda mai zafi kan girmama ƙashin Buddha, abin da ya jawo aka kore shi zuwa kudu mai nisa.

A wannan zamani ne, can nesa da fada, a tsaunukan kudu, ɗariƙar Chan ke gina wata irin rayuwa. Labaran malamanta cike suke da aikin hannu. Huineng, wanda suke ɗauka shehinsu na shida, wata takwas ya yi yana surfen shinkafa a bayan gida kafin a san da shi. Baizhang, wanda ya rasu a 814, shi ake danganta wa dokar da ta ce in an buga alama kowa ya fito aiki, babba da yaro, kamar dai yadda ake fita gayya a ƙauyukanmu. Ana cewa da ya tsufa almajirai suka ɓoye kayan aikinsa don ya huta, shi kuwa ya ƙi cin abinci sai da aka mayar masa da su. Ga masu cewa noma na kashe tsutsa, amsar malaman Chan ita ce laifi yana bin niyya, kuma zuciyar da ta natsu a zaune tana iya natsuwa a duƙe. Da wannan aka ba tsohuwar gorin cima-zaune amsar da manomin Sin zai gane.

Sai guguwar 845 ta taso. Sarki Wuzong, wanda ya karkata ga addinin Dao kuma baitulmalinsa ke neman kuɗi, ya ba da umarnin rushe gidajen zuhudu 4,600 da ƙananan wuraren ibada 40,000. Aka tilasta wa maza da mata 260,500 ajiye mayafi, aka shigar da bayi 150,000 cikin rajistar haraji, aka narkar da ƙararrawa da siffofin tagulla aka buga kuɗi da su. Ennin, wanda abin ya rutsa da shi a Chang'an, sai da ya sa kayan mutanen gari kafin ya fita. Wuzong ya mutu a 846, magajinsa ya janye dokar, amma kafin a farfaɗo tawayen Huang Chao ya zo ya ragargaza birnin. Mazhabobin da ƙarfinsu ke kan manyan ɗakunan karatu da kyautar fada sun daɗe ba su miƙe ba. Chan, wadda malamanta ke warwatse a larduna kuma suka saba da rayuwar dutse, ita ta fito da ƙarfinta, ta mamaye zamanin daular Song da ta fara a 960.

Daga zamanin Song ne muke da kundin ƙa'idojin Chan mafi tsufa da ya rage, wanda Zongze ya tsara a 1103. A cikinsa muna ganin gidan zuhudu kamar ƙaramin gari: ƙararrawa da katako ke raba lokuta, kunun shinkafa da asuba, abinci kafin rana ta karkata, zaman wata uku ba fita a lokacin zafi. Kowane aiki da mai shi: shugaban madafa, mai kula da wanka, mai kula da makewayi, sarkin niƙa, sarkin gandu, da sarkin lambu. Shi sarkin lambu an ɗora masa sanin lokacin shuka, da zuba taki, da ban-ruwa, don kada madafa ta rasa ganye a kowane yanayi, kuma mai kyau na jama'ar gida ne, sai abin da ya ragu ake kaiwa kasuwa. Gaskiya ne cewa kasancewar sarkin gandu a jerin yana nuna har lokacin manoman haya ne ke ɗauke da yawancin noman hatsi. Amma darajar aikin ta riga ta sauya. A 1223 wani matashi ɗan Japan, Dogen, yana cikin jirgi a tashar Ningbo, sai ga wani tsoho ya zo sayen naman kaza, wato laimar kwaɗi. Shugaban madafar gidan Ayuwang ne, ya yi doguwar tafiya a ƙasa. Dogen ya roƙe shi ya kwana su yi hira, ya ce ai wani zai iya girkin. Tsohon ya ƙi, ya nuna masa cewa girkin shi ne ibadarsa, ya kama hanya. Dogen bai manta da wannan ba har ya koma gida ya kafa tasa ɗariƙar.

Lambun ado bai mutu ba, sai ma ƙara buɗewa da ya yi ga jama'a. A Kaifeng ta zamanin Song, harabar gidan Xiangguo kasuwa take ci sau biyar a wata. A Hangzhou, a 1072, mawaƙi Su Shi ya raka gwamna kallon mudan kusan dubu a lambun wani ɗan zuhudu na gidan Jixiang, tare da dubban mutanen gari. A 1342 kuma, a Suzhou, almajiran malamin Chan Tianru Weize suka gina masa lambun duwatsu da ake kira Kurmin Zakuna, wanda yanzu yake cikin lambunan birnin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya. Tafiyar ta juyo ke nan: a Luoyang manya ne suka ba 'yan zuhudu lambu, a Suzhou 'yan zuhudu ne suka gina lambun da daga baya ya koma hannun attajirai.

Idan muka haɗa wannan tarihi na fiye da shekara dubu, za mu ga cewa hasumiya da zinariya sun sha gobara da fushin sarakuna, a 446 da 574 da 845, amma abin da ya riƙe zuhudu a Sin shi ne ya koyi ciyar da kansa, ya ciyar da baƙo, ya kuma buɗe ƙofar lambunsa ga wanda ba shi da nasa. Duk wata cibiyar ilimi ko ta addini da ke son daɗewa, a ko'ina take, ta dubi wannan: kyautar mai mulki tana tafiya da mulkinsa, abin da jama'ar gida suka shuka da hannunsu shi ne ke kai su baɗi.